Tsakuwar da ke Bakin Mayafina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Daga mahaifiyarki a Ƙofar Dundaye, zuwa ga ɗiyata ta fari, wadda za ta bar Sakkwato jibi Asabar. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaida maigidanki da mutanen gidanku na Gidan Dare, ina gaida Goggonki Rabi da ta goye ki ta raine ki. Allah ya kai ku Gusau lafiya, ya tsare ku a cikin motar nan da ban yarda da ita ba har gobe, ya haɗa ku da maƙwabta na gari.

Bayan haka. Kin san ni ba mai dogon zance da ke ba ce. In an tara maganar da na yi miki tun da na haife ki, ba za ta cika ƙoƙo ba. "Ke, miƙo tawada." "Ke, sake baƙin nan." Iyakarta ke nan. Yau kuwa na feƙe alƙalami biyu, na roƙi babanki takarda har sai da ya tambaye ni ko littafi zan wallafa. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, ko da ranki na ɓace.

Na san ranki na ɓace ɗin. Alhamis waccan, a zaman malamai mata na gidan Modibbo Inno, anka kawo sabon faifai don a miƙa miki, shaidar cewa kin isa ki buɗe karatun 'yan mata a inda za ki. Modibbo ta ce, kamar yadda take cewa ga kowace sabuwar malama: "Wadda tak karantar da ita ta tashi, ta kira sunanta, ta shaida." Ni na karantar da ke. Na zauna kamar an dasa ni, ban kira sunanki ba. Anka mai da faifan ɗaki. Kinka yafa mayafinki kinka fita, kuma yau kwana bakwai ba ki taka gidan ga ba, ke da kullum da safe kina gefena muna biya wa yara. Kina shirin tafiya ba faifai, da zaton uwarki ta auna ki ta ga ba ki kai ba. Kan wannan na ɗauki alƙalami. Amma bari in fara daga nesa, don can za ki kafa naki zaman, ya kamata ki san tushen namu.

Shekarar da Nasara sunka shigo garin ga ina amarya, ko wata huɗu ban yi a ɗaki ba. Gari ya watse. Wasu sun yi gabas, wasu sun shige ƙauyuka, gidaje a buɗe ba mai rufewa, awaki na yawo a zaurukan malamai. Da Alhamis ta zagayo, kakarki, uwar babanki, Allah ya jiƙanta, ta ce in ɗauko mata tabarma mu tafi zama. Na ce a raina, anya tsohuwar ga lafiya take? Wa zai fito zama cikin wanga hali? Munka fita da jijjifi, munka iske mata bakwai a tsakar gidan Modibbo, kowa ido ya kumbura. Modibbo lokacin da ƙarfinta, idonta garau. Ba ta tambayi labarin yaƙi ba, ba ta tambayi wa ya gudu cikin manya ba. Ta gyara zama ta ce, "Wa tad daina zuwa?"

Malamai sunka fara kiran sunayen 'yan matan da sunka ɓace musu, wannan na faɗi, waccan na faɗi, har lissafi ya rikice. Sai Modibbo ta tashi ta je gindin katanga ta ɗebo tsakuwa cike da bakin zanenta, ta ajiye faifai a tsaka, ta ce kowane suna tsakuwa guda. Ina kallo faifan nan ya cika har yana zuba. Sannan ta ce, "Sarauta ta maza ta, su san yadda za su yi da ita. Mu ɗiyan ga anka ba mu amana. Kowa ta ɗauki nata ta ƙulle a bakin mayafi. Ba mai kwancewa sai yarinyar da kanta, ran da tad dawo." Gari ya ci wuta, manyan maza sun rasa ta cewa, ga mata bakwai suna rabon tsakuwa kamar masu rabon gado. Cikin shekara biyu kusan duk ƙullin nan an kwance su. Sun bi ƙauyuka da ƙafa, sun aika da saƙo ta bakin masu tallar nono da fatake, sun samo yaran ɗaya bayan ɗaya. Wadda anka tabbatar ta rasu, anka sa tsakuwarta a ƙaramar tukunya anka yi mata addu'a. Har yau akwai ƙulli uku a mayafin Modibbo na tun wancan lokacin. Ta sake mayafi ya fi a ƙirga, kowane sabo sai ta mai da su. Ki duba in kin je sallama, suna gefen hagu.

Wannan ita ce matar da na yi wa ƙarya, kuma shi ne kuskurena na farko.

Ina da shekara uku da karɓar nawa faifan, kaina ya yi girma. Ana cewa 'yan matan ɗakina sun fi na kowa iya biya karatu, ni kuma ina jin daɗin a faɗa. Sai anka kawo mini Dije. Eh, Malama Dijen da kinka sani, mai zama kusa da ƙofa a zaman Alhamis. Lokacin 'yar shekara goma sha ɗaya ce, ɗiyar manoman shinkafa daga bakin fadama, tana zaune wurin innarta mai sayar da shinkafa a Ƙofar Rini. Ran nan ina koya musu alwala, kowace ta zo ta yi a gabana. Da Dije ta miƙo ƙafa, na ga faso ya tsattsage dugaduganta, laka ta shige ciki ta yi baƙi. Na ce, "Tabɗi! Waɗannan ƙafafu ai sai an jiƙa su kwana biyu kafin alwala ta kama su." 'Yan mata sunka kwashe da dariya. Ni ma na yi, ina jin na iya magana. Ta ƙarasa alwalarta tsaf, ta koma ta zauna. Washegari ba ta zo ba.

Alhamis ta zo, Modibbo ta ce wa ta daina zuwa, na ce, "Ba kowa, Modibbo." Ta biyu haka. Ina tsoron a ce ɗakin da ake yabo ya zubar da yarinya. A ta uku, bayan kowa ta ajiye nata, Modibbo ta ɗauko tsakuwa guda ta ɗora a faifai da hannunta ta ce, "Wagga ta Dije ta." Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta miƙe ƙafafunta a gaban malamai duka, ta janye zane zuwa ƙwauri. Faso ne a dugaduganta, har da jini da bai gama bushewa ba. Ta ce, "Ranar Talata ƙafafun ga sunka kai ni fadama. Na iske ta tana korar tsuntsaye a shinkafa, tana biya Fatiha da ƙarfi don kar ta mance." Ta turo mini tsakuwar da yatsa ɗaya.

Wata biyar ina ɗauke da ita. In na yi ruku'u ta bugi gwiwata, in na kwanta ta danne ni. Sau huɗu na je fadama. Na farko Dije ta hango ni ta shige cikin shinkafa, na yi ta kira kamar mai neman akuya. Na biyu uwarta ta ba ni ruwa, ta ce da ni cikin ladabi, ai su ƙafafunsu na noma ne, ba na birni ba. Na haɗiye, don ni na jawo. Sai bayan an yanke shinkafa ta dawo, ta durƙusa ta kwance ƙullin da haƙoranta, don ya ƙi kwantuwa da hannu.

To, ki ji. Inda za ki, 'yan matan da za a kawo miki ba ɗiyan malamai ba ne. Ɗiyan masu dako ne da masu awon gyaɗa da baƙin da jirgin ƙasa ya zubar, wata ma Hausar ba ta zauna a bakinta ba. Kada ki sa ɗaki ya yi wa yarinya dariya, ko da maganar ta zo miki a baki tana zaƙi. Kin gado ni wajen kaifin harshe, na sha jin ki. In ta kuɓuce miki, kada ki kwana ba ki je gidansu ba. In kuwa yarinya ta daina zuwa, ki faɗa da bakinki kafin wani ya faɗa miki.

Kuskure na biyu na yi shi da furfura a kaina, ba ni da uzurin ƙuruciya. Kin tuna lokacin da Baturiyar nan ta buɗe ɗakin karatun 'yan mata, anka ɗebi wasu daga ɗakunanmu anka kai can. Kin ga fushina a gida, amma ba ki ji abin da na ce a zama ba, don kina jego. Na tashi tsaye, abin da ba a yi sai wajen shaida, na ce duk malamar da ta taka wurin nan a karɓe faifanta, duk yarinyar da anka kai kuma a cire ta daga lissafinmu. Na yi ta zuba har muryata ta dushe. Wasu na gyaɗa kai. Modibbo, wadda idonta ya riga ya tafi, ta bari sai da na gaji na zauna, sannan ta ce, "Nawa anka ɗiba daga ɗakinki?" Na ce huɗu. Ta ce, "Sun mutu?" Na ce a'a. "An sai da su?" Na ce a'a. Ta ce, "Ashe daina zuwa sunka yi. Ga faifai."

Na ajiye tsakuwa huɗu ina huci. Ran nan zama ya yanke cewa malama ɗaya za ta riƙa zuwa can da hantsi tana koya wa yaran alwala da salla da karatu, ta kuma ga abin da ake ba su. Da anka ce wa za ta, Modibbo ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar mai gani. Kai, tsohuwar nan!

Na je ina jan ƙafa. Akwai abin da ban so ba, har yau ban so shi ba. Ƙararrawa ake kaɗa wa yara, kuma ana sa 'yan mata tsalle da igiya a fili, abin da ban ga amfaninsa ba. Amma na ga abin da ya rufe mini baki. Cikin huɗun nan nawa akwai wadda na riga na yanke wa hukuncin daƙiƙiya, shekara biyu tana fama da izu guda. Na iske ta tana lissafi a kan allon dutse, hannunta na gudu, sauran na kwafa daga gare ta. Ashe kan na nan, ni ce ban sami ƙofarsa ba. Wata rana kuma anka baza wata babbar takarda a bango, wai surar duniya ce duka. Na ce a nuna mini Makka, anka nuna. Na ce a nuna mini Sakkwato. Yarinyar nan ta ɗora farcenta a kan wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Subhanallahi! Duk Ƙofar Dundaye da Ƙofar Rini da kasuwa da fadama da kaburburan iyayenmu, da ni da fushina, muna cikin ɗigon nan. Na koma gida ban iya cin abinci ba, ina ta jinjina girman Wanda ya shimfiɗa wannan duka kuma ya san sunan kowace yarinya a cikinsa.

Huɗun nan sun kwance tsakuwarsu, don sun koma zuwa wurina da la'asar bayan sun taso. Saboda haka kada ki yanke hukunci a kan ɗakin da ba ki shiga ba. Gusau garin baƙi ne, za ki ga abin da ya fi tsalle da igiya. Ki shiga da mayafinki da alwalarki, ki duba, ki ɗauki na ɗauka ki bar na bari. Kuma ki nemi mata biyu ko uku masu koyar da yara, ko da karatunsu bai kai naki ba, ku riƙa zama ranar Alhamis. Malamar da ba ta da wadda za ta tambaye ta wa ta daina zuwa, lalacewa take yi tana jin ta iya. Ni shaida ce.

Saura na uku, wanda tun ɗazu nake kewaye-kewaye don kada in iso gare shi.

Ke ce ta fari. Kin san al'adarmu, ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa. Da anka yaye ki Goggonki Rabi ta ɗauke ki, na miƙa ki fuskata a sake kamar an karɓi aron ludayi, na shiga ɗaki na cusa kaina a tabarma don kar a ji. Da kinka kai shekara tara anka kawo ki ɗakin karatuna, na sa ki a layin baya. In kin biya daidai in ce "na gaba," in wata ta biya rabin naki in ce "madalla." Ba na raina al'adar ga, uwata ta yi mini, kuma akwai kyau a cikinta. Amma ni na wuce da ita inda ba a kai ta. Na shigar da ita ɗakin karatu, inda ke ɗaliba ce ni malama, inda kowace yarinya ke da haƙƙin a ce mata ta yi daidai. Shekara goma sha shida kina gabana, kin sauke, kin yi littattafai, kin koma biya wa ƙanana, ban taɓa ce miki ko sannu ba.

Ran da Modibbo ta ce in tashi, na so tashi. Sunan ya taso har maƙogwarona. Na ga idon mata ashirin a kaina, ga Goggonki, ga sa'o'in uwata, sai kunya ta danne ni, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Malama Dije ta yunƙura za ta shaida a madadina, Modibbo ta ɗaga hannu ta ce ba ita ta karantar ba. Na ji fitarki, ban iya ɗaga kai ba.

Yau da safe na je zama. Wurinki wayam. Bayan addu'a Modibbo ta ce, "Wa tad daina zuwa?" Malamai biyu sunka ajiye nasu. Na tuna Alhamis uku da na taɓa cewa ba kowa, na ce wallahi ba zan sake ba ko ƙasa za ta tsage in shige. Na ɗauki tsakuwa na ɗora a faifai. Modibbo ta ji ƙararta ta ce, "Ta wa ta?" Na ce, "Ta yarinyar nan." Ta ce, "Yaran garin ga da yawa." Na ce, "Ta wajen Rabi." Ta ce, "Tun shekarar Nasara ba a taɓa ajiye tsakuwa ba suna a faifan ga ba. Ba za a fara yau ba."

Sai na faɗa. Har na bakin ƙofa sun ji. Da bakin ya buɗe kuma ya ƙi rufuwa. Na ce na shaida kin fi ni haƙuri da mai nauyin kai. Na shaida ran da ƙaramar nan ta yi fitsari a tabarma, kin zubar da ruwan buta a kai da gangan kinka ce ke kinka yi ɓari, kina zaton ban gani ba. Na shaida ban taɓa karantar da wadda ta kai ki ba, kuma da ɗiyar wata ce ke, da tuni na ishe su da yabonki. Goggonki ta rushe da kuka. Modibbo ta yi dariya har dasashinta ya fito, ta ce, "Shekara ashirin da biyar muna jiran wagga magana. Ku ɗauko faifan."

Ga shi nan na ba Goggonki ta kawo miki tare da takardar ga. Naki ne, da shaidar zama duka. Ki riƙe shi da kyau, Allah ya sa ya daɗe wayam.

Tsakuwar kuwa tana bakin mayafina, na ƙulle ta tun a can, kuma kin san ƙa'ida, ba ni da ikon kwance ta. In kin tafi ba ki zo ba, ba zan ce kin yi laifi ba, zan ɗauke ta kamar yadda Modibbo ke ɗauke da nata uku, in na sake mayafi in mai da ita. Amma gobe Juma'a ina gida tun safe har faɗuwar rana, ba inda za ni. Na ce wa babanki ya tafi zaure ya zauna, kar ya shigo.

Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa albarka a bakinki da hannunki, ya ba ki ɗiyan mutane masu jin magana, ya ba ki ƙafar bin waɗanda ba su ji ba. Allah ya sa mu gana da alheri. Amin.

Saudatu. Ga shi na rubuta da hannuna, gobe kuma ki ji shi da kunnenki. Saudatu, ki zo ki kwance.

Wassalam. Daga mahaifiyarki, kuma malamarki.